Malam Sadisu Ɗanjummai, Malamin Kimiyyar da Bai Taɓa Samun Ɗakin Gwaji Ba

Ranar Talata, 13 ga Agusta, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sadisu Ɗanjummai, malamin kimiyya a wata sakandaren ƙauye kusa da Zakka. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Sunana Sadiqa. Ɗalibarsa ce ni a da, yanzu ma'aikaciyar jinya, kuma a hannuna ya cika.

Malam, na yarda da ƙaddara. Amma cikin fushi nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Shekara ashirin da biyu kana koyar da ilimin halittu, ɗakin da aka rubuta wa "ɗakin gwaji" a ƙofa awaki ne ke fakewa a ciki idan ana ruwa. Ina tuna ranar da ka ciro ɗan gilashin kyamarar wata matacciyar waya, ka liƙa shi a kwali, ka sa ɓawon albasa a ƙarƙashi, ka ce mu yi layi. Da na leƙa na ga ƴan ɗakuna a jere kamar bulo, sai na ce, "Malam, wa ya gina su?" Ka yi dariya ka ce, "Tambayar ke nan, Sadiqa. Kada ki bari kowa ya hana ki yin ta."

Ka bi tsofaffin mata a Ruma da Darini kana roƙon irin gero na da, har ka tara iri goma sha huɗu a kwalabe. Damina tara kana shuka su layi-layi a bayan gari, kana neman wanda zai jure wa wuta-wuta, ciyawar nan da ke shanye gero tun yana ƙarami. Abin da ya rage maka kawai a gwada ƙasar da irin. Ka rubuta wasiƙu, ka taka ofis-ofis. Nan a ce injin gwajin ya lalace tun bara, can a ce babu wuta, wani wurin kuma a ce wanda ya iya sarrafa shi ya tafi Turai bai dawo ba. Wata mai bincike a ƙasar waje da kuke musayar saƙo ta faɗa maka cewa a wurinsu ɗalibi ma kan gama wannan gwajin kafin azahar. Ka nuna mini saƙon, sannan ka ce, "Ba su fi mu kai ba. Kayan aiki aka ba su."

Da ƴan bindiga suka sa aka rufe makaranta, kwalaben ka fara ɗaurewa a babur, ka bar katifa da tukwane. A Batsari ka tara ƴaƴan ƴan gudun hijira a ƙarƙashin darbejiya, ka ci gaba da darasi. Damina na sauka ka koma gonarka, duk da an yi ta hana ka.

Ranar Lahadi da safe kana cire ciyawa, kububuwa ta sare ka a idon sawu. Asibitin farko babu maganin dafin maciji. Ƙaninka Manu ya zagaya ya samo kwalba biyu a wani kantin magani, ya kawo ka inda nake aiki, muka yi maka allura. Jini ya ƙi tsayawa, ta dasashi, ta hanci. Sai na warware takardar da ke cikin kwalin. A wata ƙasa mai nisa aka haɗa maganin, don dafin macizan can. Babu kububuwarmu a ciki. Wanda ya dace da ita kuwa, aka ce sai mun jira.

Macijin nan tun zamanin kakanninmu yake kashe manoma. Ina tambayar waɗanda suke tura ƴaƴansu karatu waje, suka bar masu bincikenmu a ɗakunan da babu ko ruwan famfo: har yaushe za mu zauna jiran wasu su zo su yi nazarin macijinmu da geronmu? Mutum nawa irin Malam kuke so mu binne?

Ranar Litinin da la'asar ka kira matarka, muryarka da ƙyar take fita. "Hansai, layi na bakwai, in an girbe kada a daka. Iri ne. Damina uku wuta-wuta ba ta taɓa shi ba." Ta ce, "To, Malam, ka huta." Littattafanka tara na rubutun hannu suna wurina. Har yau ban san wa zan kai wa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka ba mu ya zama sadaka mai gudana, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Inna Hansai, ƴaƴan Malam Mubaraka da Haisam, Baba Manu da dukan mutanen Zakka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Waɗanda kuma aka ba amanar ilimin ƙasar nan suka yi wasa da ita, ni ban yafe ba. Mu da su sai a gaban Allah.