Uwar Kati da Telan da Ya Daina Zuwa

Ƙarfe bakwai na safe, kafin masu shara su gama goge baranda, Uwar Kati ta riga ta buɗe durowarta. Nas ce a sashen masu ciwon ƙari, shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, kuma babu wanda ya taɓa ganin ta shanye shayinta da zafinsa. Waya a kunne, tsofaffin katuna a hannu, ƙafa ɗaya tana ta kaɗawa.

Ƙa'idar ofis ita ce, wanda aka cire wa ƙari ya shekara biyar lafiya, a rufe fayil ɗinsa a kai sito. Ita kuwa ta ga abin da ta gani. Akwai wani ƙarin tsoka da ba kasafai ake samunsa ba, yakan yi lamo shekara goma ko fiye, sannan ya dawo. Duk mai irinsa sai ta kwafi katinsa, ta rubuta sana'arsa a baya da jan biro. Takan ce, "Lambar waya tana mutuwa, amma mutum ba ya barin abin da yake ci da shi."

Saura mako biyu ta yi ritaya, kati ɗaya ya hana ta sakat. Wani tela ne da aka yi wa aiki a cinyar dama shekara goma sha ɗaya baya, shekara uku ke nan bai leƙo ba. Lambarsa ba ta shiga, ta ƙaninsa ma haka.

Likita ya ce, "Sista, ki huta mana. Mai lafiya ba ya zuwa asibiti."

Ta ce, "Wanda bai san ba shi da ita ba, shi ma ba ya zuwa."

Tana tashi daga aiki sai layin teloli, shago bayan shago, ƙafafu take dubawa, don ta san tun bayan tiyata da hagu kaɗai yake taka keke. A rana ta huɗu ta same shi.

"Baba Tela, haka ake yi? An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta?"

Ya yi dariya. "Sista, ai na warke tuntuni. Ga ɗinkin mutane ya yi min yawa."

"Ɗinki zai jira. Taɓa wajen tabon."

Ya taɓa, dariyar ta tsaya. Ashe wata biyu ke nan yana jin wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɓoye wa matarsa saboda tsoro. Hoto ya nuna ƙarin ne ya dawo, amma bai bazu ba. Ranar da aka cire shi ta zo daidai da walimar sallamarta. Ta bar mutane da lemo a hannu, ta je tana kai da kawowa a ƙofar ɗakin tiyata har aka fito da shi.

Ke ce mai neman wanda bai san ana nemansa ba. Ke ce kika ƙi yarda cewa shiru lafiya ce. Mu abokan aikinki mun gode, Uwar Kati, kuma gaskiya tafiyarki ta bar mu da fargaba. Allah ya saka miki da alheri.

Ku da kuka gaji durowar nan, katuna arba'in da shida ne a ciki, kowanne mutum ne mai iyali. Ku juya bayansu ku karanta jan biron, ku fita nema. Telan dai ya koma kan kekensa. Uwar Kati kuwa, da aka ce ta je ta huta, jiya ma da safe ta bugo wa sabuwar nas waya: "'Yata, direban nan na kati na tara, kin duba tasha kuwa?"