Abin da Wankan Jego Ya Bar Ni da Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai rabona da shafin nan. Masu cewa Hadiza ta haihu ta yi girman kai, na yafe muku. Ba girman kai ba ne, numfashi nake nema.

Kun san ni da surutun maganin gida. Citta da lemon tsami in mura ta kama, zogale a miya, zuma da safe. Har "likitar Sabon Birni" wasunku ke kirana, ni kuma ina fasa kai. Yau likitar ce ta zo da nata labarin, kuma ba mai daɗi ba ne.

Da na haifi 'yata ta fari, aka kai ni wankan gida ƙauyenmu Tsamaye, wajen Inna, mahaifiyata. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini har jikina ya yi ja. Daga nan sai kwanon kunun kanwa. Maigidana falke ne, yana kai kaya Nijar, shi ya zo da jar kanwa mai kyau cikin buhu, yana alfahari ba a taɓa yi wa mai jego gata irin nawa ba.

A sati na uku takalmina ya ƙi shiga. Sai tari. Sai na ga in na kwanta rigingine kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, dole in jingina da bango.

Na gaya wa Inna. Ta taɓa ƙafar ta ce, "Sanyi na yash shige ki, ɗiyata. Ruwan ga bai yi zahi ba."

Aka ƙara itace. Aka ƙara kanwa. Aka sa garwashi ƙarƙashin gado. Kullum na ƙara kumbura, kullum a ƙara mini abin da ke kumbura ni. Ni da bakina nake cewa a ƙaro kunu, don ina son in warke.

Asibiti kuwa, kun san hanyarmu. Ba wanda ke son fita da mai jego da jaririya a kan hanyar da ake tare mutane. Muka yi ta cewa gobe.

Ranar da na kasa gama raka'a biyu a tsaye, maigida ya ce ko me za a tarar a hanya, a tarar. A asibitin Sabon Birni suka duba ni suka ce ba nasu ba ne, mu wuce Sakkwato. A zaune na yi tafiyar, bakina buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Aka sa mini robar iska a hanci. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka yi na zuciya. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta tambayi Inna abin da nake ci. Inna ta lissafa mata da murna, don ta san ba ta yi ƙwauro ba.

Likita ta ce, "Mama, zuciyarta ta buɗe, ba ta iya tura jini. Yakan faru bayan haihuwa. Amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki."

Inna ta fita ta zauna a baranda.

Kwana ashirin da uku na yi a gado. Kowace safiya a ɗora ni a sikeli, a auna fitsarin da na yi, a ba ni abinci lami. Matar da ke gadon kusa da ni, irin ciwona gare ta, ranar Talata aka naɗe katifarta. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Ba mutuwar ba ma, a ce 'yata ta tashi ana nuna mata hotona a waya.

Shanun noman maigida biyu suka tafi a magani. Nonona ya ƙafe, yarinya ta koma madarar gwangwani.

An sallame ni, amma kada in yi muku ƙarya in ce na warke. Ƙwayoyi huɗu nake sha kullum. Ba na iya goya 'yata daga ɗaki zuwa zaure. Likita ta ce wani cikin zai iya tafiya da ni. Shekarata ashirin da uku. Wasu ranakun ina kallon bango kawai.

Duk da haka alhamdu lillahi. Na gode wa maigidana, da ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ake ciki ba.

Ban ce a bar maganin gida ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. A dama kunun gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwa. A ci zogale da wake, a huta. Amma in mai jego ta kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, a bar dafe-dafe a nemi mota.

Ƙanwata Saratu za ta haihu watan gobe. Jiya Inna ta zo duba ni, ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Hadiza, haka uwata tay yi min, haka niy yi miki. In ban yi ma Saratu wanka ba, ban dama mata kunu ba, mi za ni yi mata? Ban san wani abu ba."

Na ce, "Inna, ki zauna kusa da ita. Kullum da safe ki danna ƙafarta da yatsa. In wurin ya loɓa bai taso ba, ki kira ni."

Ta jawo ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta ce in nuna mata wurin.