Wadda Ta Tayar da Zulai Tsaye

Shafa'atu ma'aikaciyar lafiya ce ta sa matata Zulai ta koma yin sallah a tsaye. Ni Arzika na Jiga Birni ban saba yabon mutum ba. Yau zan yi.

Shekara talatin Shafa'atu tana fitowa bayan asuba da sikeli a jaka, tana bin gidajen tsofaffin mata. Bana ta aje aiki.

Da al'ada ta ɗauke wa Zulai, jiki ya zo mata. Na ji daɗi, don a wurinmu ƙibar mace shaidar miji ce. Duk ranar da na kai albasa Aliero, sai na dawo mata da tsire mai kitse da lemon kwalba. Gwiwoyinta suka ƙi. Ta koma sallah a zaune, tana share hawaye a ɓoye. Ni ko ina ƙara tsire.

Shafa'atu ta ɗora ta a sikeli, ta dube ni.

"Baba, wa ka sawo mata naman ga?"

"Ni. Ba a cewa Arzika bai ciyar da iyali ba."

"To ciwon kake ciyarwa. Jikin da ya bar haihuwa ba ya son abin da yake so da."

Kwana uku ban amsa gaisuwarta ba. Ba ta fasa zuwa ba.

Ta rage wa Zulai malmalar tuwo, ta ƙara wake da zogale, ta cire sukari a koko. Ta tara mata su tara, har da Zulai, suna tattaki a bakin fadama da sassafe. Daga gonata nakan hango su, raɓa ba ta bushe ba, fararen hijabai na tafiya a hankali cikin koren albasa kamar belbela. Wata safiya na ga ta gabansu tana dariya. Na ɗauka yarinyar da na fara gani a bakin rijiya ce, shekara arba'in baya. Ashe ita ce, Zulai.

Ranar idi Zulai ta yi raka'a biyu a tsaye, ba wanda ya riƙe ta.

Ke ce, Shafa'atu, mai gaya wa maigida gaskiya a ƙofar gidansa. Na gode. Allah ya ba ki lafiyar da kika nema wa wasu. 'Yan baya ku bi sawunta. Maza, in ta yi magana ku saurara.

Jiya na dawo daga Jega da tsire, don murna. Na miƙa wa Zulai. Ta dubi ƙunshin, ta dube ni.

"Malam, ba ni ci."