Muryar Mahaifina da Shekarar 2038

A shagona na Zongo akwai tsohuwar kwamfuta mai aiki ɗaya. In lokacin salla ya yi, sai ta saki kiran sallar mahaifina, wanda muka ɗauka kafin rasuwarsa. Ban yarda a taɓa ta ba.

Wata Asabar 'yata ta uku, mai karatun kwamfuta a jami'a, ta sauka daga zemijan, babur ɗin haya, ta zauna gaban injin ba izini.

"Papa, wannan tsohuwar taka tana da ranar mutuwa."

"Kowa na da ita. Tashi daga nan."

Ba ta tashi ba. Ta ce injin ba ya sanin rana ko wata, daƙiƙoƙi yake ƙirgawa tun daga farkon 1970, kuma ma'ajin lambar ƙarami ne. A Janairun 2038 zai cika ya koma 1901. Na ce ta nuna mini. Ta tura agogon gaba zuwa ranar, muka zuba ido. Shekarar ta juye, kiran da ta tsara bai fito ba. Shirun ya taɓa ni fiye da yadda na bari ta gani.

"Mu sayi sabuwa kawai, c'est fini, shi ke nan," in ji ta.

Na ce a'a, kuma komai da tsarinsa. Da farko a kwafe muryar wuri biyu. Na biyu a gyara. Na uku a gwada a gabana.

"Papa, ko shayi sai ka sa masa na farko da na biyu."

"Shi ya sa nawa yake daɗi. Fara."

Ta yi ta zuwa bayan darasi. Ta sabunta tsarin injin, ta sake rubuta manhajar yadda za ta riƙe lokaci a ma'aji mai faɗi, wanda ta ce jikokin jikokina ba za su ga cikarsa ba. Ni nawa aikin sayo mata koko da ƙosai ne, da tambayar a wane mataki take.

Ranar gwaji da hantsi ta kai agogon bayan waccan ranar, dab da la'asar. Muryar mahaifina ta cika shagon, da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara. Maƙwabciyata mai sayar da atamfa ta leƙo da buta a hannu.

"Alhaji, wace salla ce wannan?"

"La'asar ce, Hajiya, amma ba ta bana ba. Ajiye butar."

Na hana 'yata kashewa har kiran ya kai ƙarshe.