Ramin Dalma da Ramin Ƙusa

Shekarar da maigidana ya bar aikin jandarma muka tattara muka koma ƙauyensu, gabas da Dungas. Can na san wansa sosai, wanda duk gida muke kira Yaya. Manomin gero ne, dogo, mai yawan dariya, yana da bindigar farauta mai faɗin baki da ya gada, irin mai watsa ƙwayoyin dalma. Ta maigida kuwa siririya ce, harsashinta bai fi ƙwayar wake ba. Dukansu suna da takardar izini, amma ba abin da suke harbowa, don zomo da zabin daji sun daɗe da barin wajenmu. Gardama kawai ta rage musu.

"Taka ai allura ce," in ji Yaya. "Sai ka roƙi abu ya tsaya cik kafin ka same shi."

"Taka kuma shuka take yi, Yaya. A ba ta gona kawai."

In an gama girbi, da la'asar sukan nufi wani babban suri bayan gonarmu, inda ba hanya ba makiyaya. Ni ce mai ba da kwali, don ina sayar da sabulu da taliya a gida. Nakan kifa murfin tukunya a kai, in zagaye shi da gawayi, sannan in bi su da ƙwaryar fura. Su jingina kwalin da suri. Maigida ya harba, rami ɗaya tal, yawanci cikin da'ira. Yaya ya harba, kurciyoyi su tashi har daga gonar maƙwabta. Sai su tsuguna suna duba yadda dalmar ta zuba. Daga kusa takan dunƙule kamar tafin hannu. In ya ja baya sai ta bazu kamar yayyafin farko a kan rairayi. Yaya ya riƙa nuna wa ƙanensa cewa babu gurbin da tsuntsu zai bi ya tsira, shi kuma maigida ya nemo gurbin ya ɗora yatsa.

Wani rani sai Yaya ya daina zuwa wurin kwalin. "Je ka dubo mini," yakan ce, "gwiwa ta hana." Maigida ya je, ya ɗan jima, ya dawo da shi yana cewa, "Masha Allah, Yaya, ta cika da'ira."

Ran nan na bi bayansa in ɗauko tsohon kwali na hura wuta, sai na tarar da shi ya juya wa wansa baya, yana huda tsakiyar da'irar da ƙusa. Dalmar gaskiya duk ta tafi hagu, ta shige gefen suri.

Da muka koma gida na tambaye shi.

"Idonsa ne," ya ce. "Yanar ido ce ke rufe shi. In na faɗa, zai ce tsoron bindigarsa nake ji."

"To har yaushe za ka yi ta huda kwali, Malam? Gobe bakin rijiya ne ba zai gani ba."

Washegari na ɗauki kunu na tafi gidan Yaya da kaina. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, zanen nan da ke jikina wane launi ne?"

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Amarya, ke ma kin gane ke nan." Haka yake kirana, ko da yake har jikoki gare ni. Ya ce, "Ki faɗa wa mijinki ramin dalma da na ƙusa ba ɗaya ba ne a yatsa. Na ƙyale shi ne don na ga yana jin daɗi."

Da na kai wa maigida saƙon, ya rufe fuska da hula ya yi ta dariya har hawaye. A makon nan suka hau mota zuwa Damagaram, aka yi wa Yaya aikin ido.

Bayan ya warke muka koma bakin suri. Ya harba, ya taka da ƙafarsa har wurin kwalin, gwiwar ma ta warke. Rabin dalmar na cikin da'ira, rabi na waje. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa ƙanensa, "Ba ni taka in gwada." Bai taɓa riƙe ta ba sai ran nan. Ya saita, ya harba, ƙura ta tashi can saman suri. Ya miƙa wa ƙanensa ita ya ce ai ya faɗa tun farko, ba bindiga ba ce.

A hanyar komawa gida yana ta tsayawa yana duban bishiyoyi da rumbuna kamar baƙo. Can sai ya juyo ya zuba mini ido, inda kallabina ya zame.

"Subhanallahi, Amarya! Yaushe kika yi furfura haka ba wanda ya gaya mini?"