Na'Allah da Dokar Hagu

Duk wanda ya yi zama a Isa zamanin Turawa ya san Na'Allah mai jakkai. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, kafin jakkai babbar mota yake ja, kuma a duk ƙasar Gobir ban ga mai hannu irin nashi a sitiyari ba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, don haka ina da izinin in faɗi wautarshi, kuma za ni faɗe ta kaf.

Bayan yaƙin Bama wani tsohon soja, Saje Sodangi, ya dawo gida da lambobi a ƙirji da baki cike da labari. Ya sami wata matacciyar mota a bayan kasuwa, ba taya ba inji, kaji na ƙwai a cikinta, ya ce ya buɗe makarantar tuƙi. Kada in ci haƙƙinshi, ya iya tuƙi. In motocin gyaɗa sun zo daga Kaura Namoda yakan roƙi direbobi su ba almajiranshi hannu, kuma wanda ya koya wa giya da birki ya koyu. Matsalar tana wajen doka. Sodangi bai taɓa ganin littafin doka ba, in ma ya gani ba zai san sama da ƙasanshi ba, amma kullum da hantsi sai ya tsaya kan matacciyar motar nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Doka ta ce!" Abin da zai biyo baya kamar furar tasha yake, rabi nono rabi ruwa. Yau ya ce a yi ham kafin kwana, wannan gaskiya ne. Gobe ya ce direban da ya wuce ƙofar alƙali da hula a kai ya ci tara, wannan daga cikin hularshi ya ciro.

Sauran almajirai suna ji da kunne ɗaya. Na'Allah kuwa hadda yake yi kamar karatun allo. Ya bar gonar gero a Kamarawa, ya sayar da bijimin noma, ya zauna gaban Saje har ya tafi Gusau gwaji ya dawo da lasisi. Ranar nan bai bar ni na sha ruwa ba don alfahari. Ya kai wa baduku aka ɗinka wa takardar kube na jar fata, ya rataya a wuya kamar laya. Ɗanmusa, wani attajiri na Sabon Birni, ya ba shi motarshi ja. Matarshi Larai ta fara tafiya kamar ita ta ƙera motar.

To, cikin dokokin Saje akwai babba, wadda ake maimaitawa kafin a tashi daga karatu. Mota hagu take bi. Wannan daidai ne a ƙasar Ingilishi a lokacin. Sai dai Saje bai tsaya nan ba. Ya ce Ingilishi ne suka ceci Faransawa a yaƙi, saboda haka motar Ingila yayar motar Faransa ce, ko ka ƙetare iyaka hagunka za ka riƙe, ƙane ke kauce wa wa.

Me ya sa ba a gano ƙaryar da wuri ba? Ai hanyoyinmu na da ba su da hagu ba su da dama. Sawun taya biyu ne cikin rairayi, kowa tsakiya yake bi. Sai ka yi wuni ba ka gamu da mota ba, sai raƙuman Buzaye da shanun Fulani, su kuwa ba su karanta dokar kowa ba. Na'Allah ya yi ta ƙetarawa kasuwar Madawa a ƙasar Faransa yana dawowa lafiya, yana cewa albarkar malami ce.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, a gaba kusa da shi, da huhunan gorona a baya. Mun wuce iyaka rana ta ɗaga, sai ga ƙurar wata mota tana tahowa. Na san Faransa tun ina goyo, don haka na ce mishi, "Kai bawana, koma dama."

"Hajjo, ke goro kika sani. Bar ma direba aiki nai."

"Nan ƙasar Faransa ta, wawa! Dama suka bi!"

"Doka ta ce..."

Bai ƙarasa ba. Ya karkata hagunshi, wancan ya karkata damarshi, kuma duk mai hankali ya san gefe ɗaya ke nan. Allah ya taimake mu da rairayi da ƙafar Na'Allah, don birkin da ya taka ko Bature sai haka. Motocin suka sumbaci juna a hankali, fitila ɗaya ta fashe, huhunan gorona suka wuce ta kan mutane suka watse cikin sabara. Wani rago da ke baya ya sami 'yancinshi, har yau ba a gan shi ba.

Daga waccan motar wani jandarma, ɗan sandan Faransa, ya sauko, baƙin mutum ne mai Hausar Maraɗi, da gajeren wando da gashin baki. Da farko ma bai yi fushi ba. Ya ce, "Direba, barci kake? Ja baya ka koma hannunka mu wuce."

Da Na'Allah ya ja baya, da maganar ta mutu a nan. Sai ya gyara kuben wuyanshi, ya ciro ɗan Faransancin da ya tsinta ya ce, "Mushe, ni ina bisa hannuna. Motar Ingila yayar taku ta. Ku ka kaucewa."

Jandarma ya dube ni, na dubi sama. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi lasisi ya gani. Na'Allah ya ciro ya miƙa da alfahari, yana jiran a sara mishi. Mutumin ya sa a aljihu ya maɓalle. Ya ce za a aika wa Turawanmu, can ya je ya yi musu bayanin wa da ƙane. Wani direba aka nemo ya mayar da mu Sabon Birni, Na'Allah a baya cikin kaya, kube fanko yana lilo a ƙirjinshi.

Ɗanmusa ya ce ba lasisi ba mota, amma zai jira a ga abin da Gusau za ta ce. Ni kuwa ina sauka Isa ban ko wanke ƙafa ba na nufi bayan kasuwa. Na tarar da Saje kan matacciyar motarshi da yatsa a sama.

"Saje, sauko. Wa yag gaya maka hagu aka bi Faransa?"

"Hajjo, ni da nit tuƙa mota Bama? Hagu. Indiya, hagu. Duk inda nit taka, hagu."

"Ka taka Madawa? Ga ta nan ƙarƙashin hancinka, ko tsohuwa na zuwa da jaki."

Ya yi tari, ya shafa lambobinshi, ya rage murya don kada almajirai su ji. "Wataƙila sun canza bayan yaƙi. Ka san Faransawa."

"Kai dai ba ka sani ba! To ka tahi ka gaya ma yaron ga da bakinka."

Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Da sammaci ya zo, na bi Na'Allah Gusau, dama ina da sarin atamfa. Tun daga Isa nake mishi bita kamar mai koya wa aku. In an tambaye ka Faransa, me za ka ce? Dama. Sake faɗi. Dama. Da wane hannu kake cin tuwo? Dama. Har mutanen mota suka riƙa amsawa tare da shi. Na ce to, wannan karon ko icce ne ya ji.

Muna isa ofishin gwaji, wa za ni gani zaune a baranda dab da taga? Saje Sodangi, da kakin soja da lambobi an goge su da toka. Wai ya zo ya tsaya wa almajirinshi. Na'Allah ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

Baturen gwajin ba mugu ba ne, dariya ma yake ƙunshewa. Lasisin yana kan tebur a gabanshi. Ya ce da tafinta a faɗa wa direba an ga birkinshi ya ceci rayuka, tambaya ɗaya ce kawai, in ya amsa ya ɗauki abinshi. In ka shiga ƙasar Faransa, wane hannu za ka bi?

Na'Allah ya dubi takardar. Ya dubi taga. Ya ce, "Hagu, ranka shi daɗe."

Tafinta ya ƙi fassarawa, ya raɗa mishi, "Malam, sake tunani." Ni daga ƙofa ina ta ɗaga hannun dama kamar mai kiran ruwa. Bature ya sake tambaya a hankali.

"Hagu. Haka malamina yak koya min."

Bature ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe aljihun tebur, ya jefa lasisin ya rufe. Ya ce ba zai sa mutum a hanya ya kashe jama'a ba.

A waje na kama wuyan rigarshi. "Na'Allah, Allah shi shirye ka! Ba ka sani ba ne?"

"Na sani mana, Hajjo. Dama ta. Ai na gani da idona."

"To don mi?"

"Malam na zaune yana ji. In nac ce dama, na ƙaryata shi gaban Bature da tafinta. Wanda yak kunyata malami nai, ina albarka? Ko an ba ni motar, ba ta kai ni ko'ina."

Na ce albarkar ta ɗauke ka ta kai ka Isa, don ni ba ni biya maka mota. Na biya dai. Taubashi ba a yar da shi.

Ɗanmusa ya ba wani motar. Na'Allah ya sayi jakkai, ya shiga dakon gero da gishiri tsakanin Turba da Gangara da Isa, kuma a haka ya tsufa. Kuben nan bai cire ba, sai dai ya riƙa zuba asara, tabar shaƙa, a ciki. Larai ta koma tafiya irin ta kowa.

Saje fa? Bai yi wata ba ya hau matacciyar motarshi ya ɗaga yatsa ya ce, "Doka ta ce, in kun ƙetare iyaka, dama! Kada ku zama kamar Na'Allah, da ba ya sauraren karatu." Da kunnena na ji. Na garzaya na faɗa wa Na'Allah, ina zaton yau dai zai tashi da sanda. Yana ɗaure wa jaki mangala, ya yi murmushi ya ce, "Kin gani? Malam ya gyara, kuma ba wanda yaj ji kunya."

Kaka na yi, ya ɗauki damin geronshi na farko ya ɗora wa jaki, ya kai gidan Saje kamar yadda ya saba kowace shekara. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu shi da jakin, suna tafe a hagun hanya, ban san wanda za ni fara zagi ba.