Tsumman da ke cikin hula

A shekarar da gero ya bushe a tsaye, lokacin sojoji na mulki, yaran unguwarmu a Matameye suka koyi shaƙar sholisho, ruwan nan da masu facin keke ke liƙe taya da shi. Mazanmu duk suna cin rani a Kano. Mai unguwa ya tara mu ya ce in ba mu magance abin da kanmu ba, jandarmomi za su kwashe yaran, kuma mun ga yadda ake dawowa daga hannunsu.

Sai muka tsara cewa kullum bayan la'asar kowace mace ta shinshina hannun ɗan maƙwabciyarta, ba nata ba, don uwa tana rufa wa ɗanta asiri. Wanda aka kama, a kai wa Malam mai makarantar allo ya yi masa faɗa, ya sa shi ban ruwa a garkarsa.

Tsarin ya yi mini daidai. Yaron nawa ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira don kunya, balle in riƙe hannunsa.

Kullum maƙwabciyata sai ta ce, “Lafiyarsa lau, yaya.” Amma yaron ya daina tambayar abinci. A shekara irin wannan, yaro ya ga kunun dusa ya kau da kai! Na fara zargin tana rufe nawa ne don in rufe nata. Na dinga shinshina ɗanta har wuya.

“Yaya, a hankali, kada ki haɗiye mini shi.”

“Nawa fa, kina dubawa kuwa?”

Ta tsuke fuska. “In ba ki yarda da hancina ba, ai naki ba a toshe yake ba.”

Kwana uku ina juya maganar. Ran na huɗu na tare shi a zaure, na jawo shi jikina, abin da ban yi ba tun yaye. Hannunsa sai ƙamshin sabulu. Warin daga bisa yake fitowa. Na cire hularsa, tsumma ya faɗo, ya yi tauri da sholisho.

Da ƙafata na kai shi gun Malam kafin wani ya ji. Washegari na ce wa mata a riƙa cire huluna. Aka sami tsumma a huluna huɗu, har da ta ɗan maƙwabciyata. Ba a kai yaro ko ɗaya jandarmari ba, amma sai da maƙwabciyar tawa ta yi wata ba ta amsa gaisuwata.